Wasiƙa daga Berlin: wane fim ne jikokinmu za su kalla?

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Jos. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gaisuwar ke nan, ku raba ta a tsakaninku, don maganar da ke bakina tana da tsawo.

Ƙanena da abokansa na teburin mai shayi a Bauchi Road sun hana ni sakat da saƙon murya. Kullum maganar ɗaya ce: "Yaya, kai da ke ƙasar Turawa, raba mana gardama, cikin finafinan yanzu wanne za a riƙa tunawa da shi nan da shekara 50?" 'Yar yayata ma da ke karatu a Jami'ar Jos ta turo irin wannan tambayar, ita kuma har da sunayen nata gwanayen. Wasu kuma kuɗin haya suke son ji, da abin da muke ci, da yadda ake samun aiki. Duk zan taɓa, in Allah ya yarda.

Amma ku bari in fara da sanyi, don mu mutanen Jos mun daɗe muna yi wa Kanawa da Sakkwatawa burga da shi. Mutum ya sa rigar sanyi biyu a watan Disamba, ya hura gawayi a ƙofar gida, sai ya riƙa jin ai ya ga Turai. To wallahi namu sanyin mai ladabi ne, yana gaisuwa da safe ya tafi da hantsi. Na nan ba ya tafiya. Kuma ba sanyin ne ya fi ci mini rai ba, duhun ne. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Ka yi azahar, ka juya ka yi la'asar, kafin ka naɗe darduma an shiga magariba. Da na ga yadda dare yake da tsawo haka, sai na gane dalilin da ya sa mutanen nan suke cika silima a lokacin hunturu, har babban bikin finafinansu na Berlinale ma a watan Fabrairu suke yin sa, mutane na layi a kan titi hanci na zuba.

Sai takarda. Jama'a, takarda! Duk wanda ya ce muku injina ne ke tafiyar da Jamus bai zauna a cikinta ba. Takarda ce. In ka kama ɗaki, doka ta ba ka mako biyu ka je ka yi rajistar adireshinka. Ba za a yi maka ba sai da takardar mai gida da ke shaida cewa lallai a nan kake kwana. In babu wannan rajistar ba za a aiko maka da lambar haraji ba, kuma bankuna da yawa ba za su saurare ka ba. Ganin jami'in da zai buga hatimin kuwa sai ka nemi lokaci ta intanet, kuma lokacin yakan yi wuyar samu har ka fara zargin ko da aljanu kake takara. Wani ofishi ya taɓa mayar da ni gida saboda a takarda ɗaya an rubuta sunan mahaifina da harafi biyu a tsakiya, a ɗayar kuma da harafi ɗaya. Na ce wa matar, Hajiya (a zuciyata na ce Hajiya), mutum ɗaya ne, ni ne ɗansa. Ta yi murmushi mai kyau, ta ce ta yarda da ni, amma fayil bai yarda ba.

Kuma komai ta gidan waya yake zuwa. In babu sunanka a jikin akwatin wasiƙu na ƙofar gida, to a wajen hukuma kamar ba ka nan. Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 duk wata na rediyo da talabijin na gwamnati, ko kana kallo ko ba ka kallo, shi ma da wasiƙarsa. Maƙwabcina wani dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa. Ranar da ya ga ina cusa wasiƙuna a leda sai da ya riƙe baki. Ya ja ni ɗakinsa ya nuna mini kanta guda cike da manyan fayil-fayil, kowanne da shekara a rubuce a ƙeyarsa. Ya zaro ɗaya ya buɗe mini rasiɗin firijin da ya saya tun kafin a rushe katangar Berlin a 1989. Firijin ya daɗe da mutuwa. Rasiɗin yana nan garau, an huda shi an jera.

Na fito ina dariya, ina cewa wannan ai ciwo ne. Amma wannan ciwon nasu shi ne ya sa na kalli fim ɗin Hausa da ban taɓa samun gani a gida ba, kuma a nan ne amsar tambayarku ta fara.

Da yawanku kun karanta littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta. Nawa ne cikinku suka san cewa Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976? An daɗe ana ɗauka fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wata cibiya a nan Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a Berlinale a 2018. Na zauna a tsakiyar Jamusawa, su suna karanta fassara a ƙasan allo, ni kuwa Hausa tana shiga kunnena kai tsaye, irin wadda kakata take yi, ba gauraye. Rawuna, dawakai, ayari a cikin hamada, da uwar da ta bar komai ta bi sawun ɗanta. Fim ne mai tafiyar hawainiya, ya haura awa biyu, kuma yaran yanzu da suka saba da bidiyon minti ɗaya za su yi hamma. Amma da aka kunna fitila ban iya tashi da wuri ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara 40 wannan aiki yana kwance, kuma da ruwa ko gara sun riga mai nema isa gare shi, da yau babu mai kawo sunansa a gardamar mai shayi. Kyansa bai cece shi ba sai da aka samu wanda ya buɗe ƙofar ɗakin ajiya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba a sa murya sun ɓata gaba ɗaya. Su kansu Jamusawan, shahararren fim ɗinsu Metropolis na 1927 an daddatse shi tun farko, suka yi shekaru suna kallon guntu, sai a 2008 aka tsinci kusan cikakkensa a wani gidan tarihi a Buenos Aires ta Ajantina. Bambancinmu da su, su sun ji zafin asarar sun ɗauki mataki. Amurka tun 1989 take zaɓar finafinai 25 duk shekara ta sa su a rajistar adanawa, kuma sharaɗin shi ne sai fim ya kai shekara 10 da fitowa. Wato su ma sun san hayaniyar shekarar farko ba hukunci ba ce.

Yanzu mu dubi namu. Ana lissafa Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, 1990, a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa da aka kai kasuwa. Daga nan zuwa yau an yi dubbai. A kan me aka ajiye su? Kaset, wanda danshi ke sa masa fumfuna, zarensa ya manne. Kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016. Sai faifan CD, wanda yaro ɗaya da ƙusa ya ishe shi. Sai zamanin masu tura fim a waya, inda ake matse fim har fuskar jarumi ta koma dusu-dusu. Yanzu kuma YouTube, wanda muke ɗauka ma'ajiya ce alhali gidan haya ne: a rufe tashar, ko mai ita ya manta lambar sirri, ko Allah ya yi masa rasuwa, shi ke nan. Manomin kirki ko yunwa ta kai ina ba ya cinye irin da zai shuka baɗi, yana ware shi a rumbu. Mu a harkar fim har irin muke dakawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu 'yan Jos ba mu da uzuri. Hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a garinmu take. Makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a garinmu take. Ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa a garinmu take. Jami'ar Jos ma tana da digiri na biyu kan adana finafinai, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Tun Janairun 2024 kuma Ali Nuhu ne shugaban hukumar, mutumin da ya yi karatu a Jami'ar Jos kuma ya san ciwon masana'antar daga ciki. Fim na son wuri mai sanyi marar danshi, to sanyin da muke burga da shi ga inda zai yi amfani. A garin nan aka yi Cock Crow at Dawn na NTA. A garin nan marigayi Karkuzu ya sa iyayenmu dariya. Waye cikinku zai iya nuna wa ɗansa cikakken wasan Karkuzu guda ɗaya mai hoto garau? Ni tambaya nake.

To, na ji ƙanena yana cewa, "Yaya, an tambaye ka suna, ka tsaya wa'azi." Ga sunaye, amma ra'ayina ne, ba wahayi ba.

Abu na farko, ku cire kuɗi da kambu daga lissafi. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masana duk shekara 10 tun 1952 wane fim ya fi. Vertigo na 1958, wanda bai samu wata tarba ta a zo a gani ba da ya fito, shi ya hau kan gaba a 2012. Sholay na Indiya ma, 1975, da sanyin jiki ya fara a kasuwa, daga baya ya yi shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Mumbai. Iyayenmu da suka kalli finafinan Indiya a silimar Kwararafa ba su san nawa aka samu ba, ba su ma jin yaren, amma sun raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, kuma har yau akwai tsohon da zai ba ka labarin Sholay daga farko har ƙarshe yana kwaikwayon muryar ɗan fashin. Ma'aunina ke nan: fim ɗin da wanda ya gani zai iya ba wanda bai gani ba labarinsa, mai sauraro ya hana shi tashi.

Da wannan ma'aunin, na waje da na fi amincewa da shi shi ne Parasite na Koriya ta Kudu, 2019, na Bong Joon-ho. Ba don shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babban kambun Oscar a 2020 ba. Don wani dare guda ne a cikinsa. An kwana ana ruwa. Talakawan da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ruwan kwata ya cika musu gida har wuya, suka kwana a zauren wasanni da sauran waɗanda abin ya shafa. Da gari ya waye, matar attajirin da suke wa aiki tana bayan mota tana waya, tana murnar ruwan jiya ya wanke sararin sama. Direban da ke jan ta shi ne wanda gidansa ya nutse. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a Rikkos da Gangare, ya kuma san a wannan daren akwai unguwannin da barci kawai aka sha, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Muddin akwai mai gida da yaron gida a duniya, fim ɗin nan zai samu mai kallo.

Na biyu Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, kan lokacin da masu bindiga suka riƙe arewacin Mali. Akwai inda aka hana ƙwallo, sai samari suka shiga fili suna bugawa ba ƙwallon, suna kai hari, suna murnar cin raga. Mun san irin wannan zamani a arewa maso gabas, kuma fim ɗin bai mayar da kowa dodo ko mala'ika ba. Daga Indiya zan sa 3 Idiots na 2009, domin uban da ya rantse sai ɗansa ya zama injiniya ko likita ba zai ƙare ba, a Delhi ko a Unguwar Rogo. Finafinan jarumai masu tashi sama da ake zuba wa miliyoyin daloli kuwa, yawancinsu ina ganin za su bi iska. Abin da suke taƙama da shi ƙwarewar kwamfuta ce, ita kuwa ta bana tana kunyata ta bara.

Na gida ya fi wuya, don akwai son zuciya. Sangaya da Wasila sun riga sun haye, tunda ga shi fiye da shekara 20 ana maganarsu, kuma waƙoƙinsu ne suka ɗauke su. Masu sukar rawa da waƙa a fim ɗin Hausa su yi haƙuri da wannan: waƙa ita ce abin da ya fi daɗewa a bakin mutane, matar da ta manta labarin tsaf za ta rera maka amshin tana wanke-wanke. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, shi kuma ba fim ɗaya za a tuna ba, shi kansa za a tuna. Yaran da ba su yi wayo ba lokacin rasuwarsa suna tura guntayensa a WhatsApp yau.

Finafinai masu dogon zango su ne suka mamaye wannan zamani, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So da sauransu, kuma nan ne muka saɓa da 'yar yayata. Ita tana ganin tunda gari kan yi tsit in an saki sabon kashi, to an gama magana. Ni kuwa ina ganin tsawon da ya ba su kasuwa shi zai zame musu kaya. Waye zai zauna a 2070 ya kalli kashi ɗari da wani abu? Kuma labarin da ake ja saboda talla tana shigowa, dole wani wuri ya yi ruwa. In akwai wanda zai tsira a cikinsu, ina sa ran Daɗin Kowa ne, saboda wani dalili da masu yin sa wataƙila ba shi suka sa a gaba ba: ya ɗauki yadda muke zaune. Tsakar gida, zaure, shagon unguwa, rigimar kishiyoyi, almajiri, ɗan ƙwaya, mai unguwa. Wanda yake son sanin yadda talakan arewa ya yi magana ya kuma yi ado a shekarun nan, can zai je. Kwana Casa'in kuma zai rayu muddin ana zaɓe ana saba alkawari, kun ga ke nan yana da sauran kwana.

Akwai The Milkmaid na 2020, wanda aka ɗauka a Taraba, yawancinsa da Hausa, kan 'yan'uwa mata biyu da masu tayar da ƙayar baya suka raba da gida. Najeriya ta tura shi gasar Oscar, kamar yadda ta tura Mai Martaba a 2024. Na farkon ina ba shi dama mai ƙarfi, don in an zo neman yadda aka ji a jiki a wancan lokaci, ba adadin gawa ba, za a neme shi. Matsalarsa ɗaya, mutanen da aka yi labarin a kansu kaɗan ne suka gan shi, kuma fim ɗin da 'yan bikin ƙasashen waje suka sani amma mai shayi bai sani ba, ƙafarsa ɗaya ce. Mai Martaba kuwa ya yi sabo da yawa, mu ba shi shekara goman nan tukuna. Haka My Father's Shadow, wanda a 2025 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da aka zaɓa a hukumance a bikin Cannes na Faransa.

Ƙanena, ga aikin da zan ba ka maimakon gardama. Ka san dattijon nan na layinmu da ya yi sana'ar hayar kaset, wanda har yanzu buhunan suna jibge a bayan shagonsa. Ka je ka gaishe shi da girmamawa, ka ce Baba, yayana ya ce a tambaye ka ko za ka bari a duba. Ku ɗauke su daga ƙasa, ku raba su da bango mai danshi, ku rubuta sunan kowanne da shekararsa a littafi. Kada ku sa kaset mai fumfuna a na'ura, zai lalata kansa ya lalata na'urar. Ke kuma 'yata, tunda kina jami'a, ki tambaya a sashen da ke koyar da adana finafinai ko suna karɓar irin waɗannan. Abokaina furodusoshi da ke karanta wannan, asalin fim ɗinku mai cikakken inganci ku yi masa kwafi uku, kada ku ajiye su a gida ɗaya, kuma ku rubuta a takarda waye mai shi, don magada kada su yi ta shari'a fim yana ruɓewa. Kun ga Jamusawa sun fara shafa mini ciwonsu.

Batun haya, tsada ce, kuma samun ɗakin ya fi biyan kuɗin wuya. Abinci muna maneji, akwai shagunan Turkawa da ake samun naman halal, da na 'yan Afirka da ake samun kuɓewa da manja, sai dai acca da gwate sai a mafarki. Maganar aiki tana buƙatar wasiƙarta daban, amma a taƙaice wanda bai koyi Jamusanci ba ya shirya wahala.

Wanda zai taho cikinku ya riƙo mini kuka da daddawa da yaji. Kada ya ɗauko kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama daga waje, a filin jirgi za a karɓe, wataƙila har da tara. A gaida su Gwaggo da Baffa, a ce ina nan tafe in an ga wata.

Naku,
ɗan'uwanku a Berlin